ILMIN KIWON LAFIYA: DARASI DAGA YAƘI DA KURKUNU

Ilmin kiwon lafiya shi ne koya wa jama'a hanyoyin da cuta ke bi ta shiga jiki, da kuma taimaka musu su bar halayen da ke buɗe mata ƙofa. Sani daban, aiki da sani daban. Babu cutar da ta nuna gaskiyar wannan magana a Nijeriya kamar kurkunu.

Yadda Cutar Take

Kurkunu tsutsa ce da ake ɗauka ta shan ruwan tafki ko kududdufi. A irin wannan ruwa akwai wasu ƙananan ƙwari waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, su ne ke haɗiye 'ya'yan tsutsar. Idan mutum ya sha ruwan, bayan kamar shekara guda sai tsutsa ta huda fata, galibi a ƙafa, tsawonta kuwa yakan kai mita ɗaya. Raɗaɗi kan sa mai ciwon ya tsoma ƙafarsa cikin tafki, nan take tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, cuta ta koma kan masu ɗibar ruwa. Manomi kan kwanta makonni, gona ta zama ta ciyawa.

Sauya Hali

Kurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Abubuwa uku aka roƙi jama'a: a tace ruwan sha da ƙyalle mai tsabta, mai ciwon ya nisanci tafki, a kuma sanar da ma'aikacin lafiya da zarar an ga alama. An haƙa rijiyoyin burtsatse, an horar da 'yan sa kai a ƙauyuka, tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon kuma ya yi ta zagaya karkara yana jan hankalin shugabanni.

A binciken shekarar 1988 an samu mutane fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Na ƙarshe an same shi a Jihar Enugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar.

Ladubban Mai Koyarwa

Wajibi ne mai wayar da kai ya faɗi gaskiya, kada ya ƙara gishiri don tsoratarwa. Ya fara da gaishe da mai gari da malamai, ya saurari abin da mutane suka ɗauka game da cutar kafin ya gyara musu. Kada ya kunyata mara lafiya, kada ya tona asirinsa. Kada kuma ya umurci mutane da abin da ba su da halin yi: wanda aka hana shiga tafki, sai a sami mai ɗebo masa ruwa.

Wannan darasi bai tsufa ba. Kwalara da zawo da tsargiya duk ta ruwa suke zuwa, kuma hali ne ke tare su. Rigakafi ya fi magani.