Me Ya Sa Kyamarar Wayarka Ke Yin Hazo Da Damina?

Manhaja nake rubutawa, ba gyaran waya ba, amma duk Agusta sai abokai daga Makarfi ko Kudan sun nuno mini waya, hotonta dishi-dishi. Sun goge gilashin har sun gaji. Ba zai fita ba, domin raɓar tana ciki.

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi riƙe danshi. Idan ta shiga ta wata 'yar kafa, gilashin kuma ya yi sanyi, sai danshin ya koma ɗigon ruwa. Haka tagogi masu gilashi biyu suke yi a ƙasashen sanyi: da gam ɗin gefensu ya tsufa, raɓa ta shiga tsakani, sai dai a sauya.

Ta waya da sauƙi. Kashe ta, zare tiren sim, kada ka sa caji. Saka ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin silika da ke zuwa a kwalin takalmi, kamar kwana biyu. Shinkafa fa? Kamfanin Apple da kansa ya hana, ɓurɓushinta na iya shiga ciki.

Idan hazon ya dawo, musamman in an taɓa sauya sikirin, gam ne ya saki. Kai wa mai gyara kafin tsatsa ta ci injin.