Zaren Sakace: Wanne ke Ruɓewa, Wanne ne Roba?

Wata ɗaliba daga Samaru ta aiko da tambaya. Likitan haƙori ya ce ta riƙa sakace da zare, sai kuma ta ji an ce zaren roba ne, ba ya ruɓewa. Shin ta haƙura da shi ta tsaya ga asuwaki?

Ƙanwata, kar ki bar zaren. Asuwaki da buroshi suna wanke gaba da bayan haƙori, amma inda haƙora biyu suka manne, musamman turame, ba sa iya kutsawa. Nan silin kilishi ko na tsire yake maƙalewa ya kwana, nan kuma dattin da ke kumbura dasashi da jawo warin baki yake taruwa. Mutanenmu da tsinken ashana ko na tsintsiya suke fama, wani har da allura ko reza. Duba bakin mai wannan ɗabi'a, za ki ga dasashin ya ja da baya, an samu rami tsakanin haƙoran, nama kuma ya ƙara samun wurin zama.

Abin da kika ji gaskiya ne. Zaren da aka fara sayarwa a Amurka a 1882 na siliki ne. A shekarun 1940, da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa siliki ya yi wuya, aka koma nailan. Yawancin wanda za ki tarar a kantunan magani na Sabon Gari nailan ne, ko PTFE, sinadarin da ake shafe tukunya da shi don kar abinci ya kama. Babu mai ruɓewa a cikinsu. Kamu guda a rana, wato kimanin santimita 45, ya haura mita 160 a shekara daga mutum ɗaya.

Idan za ki saya, juya kwalin ki karanta abin da aka yi zaren da shi, kar koren ganyen da aka zana a gaba ya ruɗe ki. Wanda ya fi shi ne siliki zalla da aka shafe da kakin zuma ko kakin tsiro. Shi kam ƙasa na cinye shi. Ya fi tsada, kuma yakan tsinke idan haƙora sun matse sosai, don haka a ja shi a hankali. Wanda aka ce na masara ne, mai alamar PLA, a nan ake yi wa mutane wayo. Yana ruɓewa, amma sai a masana'antar taki inda zafi ke kaiwa wajen digiri 58 na tsawon makonni. A jujin unguwa zai daɗe yana nan. Na gawayin gora kuwa, sau da yawa da zaren roba ake haɗa shi. Wanda na fi ƙi shi ne mai mariƙin roba kamar ƙaramar baka, a yi sakace sau ɗaya a yar; robar mariƙin ta ninka ta zaren sau da yawa.

In na siliki bai samu ba, ko aljihun ɗaliba bai kai ba, yi amfani da nailan ɗin. Ki dunƙule shi ki sa a kwandon shara. Kar ya shiga masai ko kwata, don can yake sarƙewa da gashi da leda ya toshe hanya, ruwan damina kuma ya kwashi saura zuwa kogin Kubanni. Kar a yar a tsakar gida, kaji na haɗiya, yana kuma ɗaure musu ƙafa. Robar da za ki rage da gaske tana wajen buroshi: asuwakin darbejiya ko na marke da rana zai sa buroshinki ya huta, tun 1986 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan amfani da asuwaki.

Sau ɗaya a rana ya isa, kafin kwanciya. Ki naɗe zaren a 'yan yatsun tsakiya, ki zura a hankali, ki lanƙwasa shi jikin kowane haƙori ki goga sama da ƙasa. Kwanakin farko za ki iya ganin ɗan jini. In ya wuce mako biyu bai tsaya ba, ki koma wurin likitanki ko sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.