Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Asibitocin Amurka Ke Zaɓen Likitocin da Za Su Horar

Wata 'yar'uwa mai karatun likita a Zariya ta aiko tana tambaya: yaya asibitocin Amurka ke zaɓen likitocin da za su ba horon ƙwarewa?

To Malama, sannu da ƙoƙari. Tunda a wajen Amurka kike karatu, sai hukumar ECFMG ta tantance takardunki, kin kuma ci jarrabawar USMLE mataki na ɗaya da na biyu. Tun watan Janairun 2022 aka daina ba da maki a matakin farko, ci ko faɗuwa ne kawai, shi ya sa idon asibitoci ya koma kan makin mataki na biyu. Sukan duba wasiƙun shaida daga malamanki, sannan su kira waɗanda suka kwanta musu a rai don ganawa.

Matakin ƙarshe shi ya fi burge ni. Za ki jera asibitocin da kika gana da su bisa son ranki, su ma su jera waɗanda suke so, kowa a asirce. Sai kwamfutar hukumar NRMP, wadda aka kafa a 1952, ta haɗa jerin biyu, tana fara bin zaɓinki kafin nasu. Don Allah kada tsoro ya hana ki sa asibitin da kika fi so a sama, ba zai rage miki komai ba.

Ranar Juma'a ta uku a watan Maris ɗalibai ke yage ambulan a gaban iyayensu, hannu na rawa, kowa ya ga garin da zai tare. Inda aka ba ki kuwa, dole can za ki.