Jarin Ƙasashen Waje da Arzikin da ke Ɓoye a Cikin Tsirrai

Idan aka ce masu zuba jari daga ƙasashen waje, abin da ya fi zuwa zukatan ɗalibai shi ne man fetur, ko ma'adinai, ko masana'antar siminti. Amma akwai wani irin arziki da manyan kamfanoni suke nema a ƙasashe masu tasowa, wanda ba sai an haƙa ƙasa ba. Wannan arziki yana cikin ganye da saiwa da ɓawon itace, har ma da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Darasinmu na yau zai duba dalilin da ya sa ake nemansa, da kuma dokokin da aka shimfiɗa don kada mai abu ya tashi a tutar babu.

Bari mu fara da ilimin halittu. Tsiro ba ya iya gudu daga abokin gaba. In fara ta sauka a kansa, ko tsutsa ta kama ganyensa, ba shi da ƙafar tserewa. Saboda haka sai ya kare kansa ta hanyar harhaɗa sinadarai masu ɗaci ko masu guba. Ɗacin ganyen dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, misali ne da kowa ya sani. A cikin 'ya'yansa akwai sinadarin azadirachtin, wanda ke hana ƙwaro cin abinci, ya kuma hana shi saɓa fata ya girma. To, irin waɗannan sinadarai su ne kamfanonin magunguna suke farauta, domin abin da zai iya taɓa jikin ƙwaro sau da yawa yana iya taɓa ƙwayar cuta a jikin mutum. Sai dai aikin yana da tsada ƙwarai. Akan gwada dubban samfura kafin a dace da guda ɗaya, kuma yakan ɗauki fiye da shekara goma kafin magani ya isa kanti. Nan ne buƙatar jarin waje take shigowa, gama ƙasar da take da dajin galibi ba ta da kuɗin gwajin.

Akwai wani ɗan fure mai ruwan hoda ko fari da ake shukawa don ado a harabar makarantu da asibitoci, masana suna kiransa Catharanthus roseus. Asalinsa daga tsibirin Madagaskar ne. Daga jikinsa aka fitar da vinblastine da vincristine, magunguna biyu na ciwon daji, kuma na biyun ya taimaka matuƙa wajen ceton yara masu sankarar jini tun daga shekarar 1963. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya sami kuɗi mai yawa da su. Madagaskar kuwa ba ta sami kaso daga ribar ba, domin a wancan zamani ana ɗaukar tsirran duniya a matsayin kayan kowa da kowa.

An sauya wannan ra'ayi a shekarar 1992, a babban taron muhalli da aka yi a birnin Riyo na ƙasar Brazil. Yarjejeniyar kare ire-iren halittu da aka sa wa hannu a can ta tabbatar cewa kowace ƙasa ita ke da iko a kan halittun da ke cikin iyakokinta. Bayan shekara goma sha takwas, wato a 2010, aka ƙara mata ƙa'idojin Nagoya a ƙasar Japan, waɗanda suka fara aiki a 2014. Abin da suke nema a fili yake. Baƙo ba zai ɗebi samfur ba sai ya nemi izini tun da farko, ya faɗi abin da zai yi da shi, sa'an nan a rubuta yadda za a raba amfanin. In kuma ilimin mutanen gari ne ya nuna masa hanya, to su ma suna da rabo. Ya kamata a lura cewa Amurka, inda da yawa daga cikin manyan kamfanonin suke, ba ta tabbatar da yarjejeniyar 1992 ba.

Ƙasar Kosta Rika ce ta fara gwada cinikin a aikace. A 1991 cibiyarta ta nazarin halittu, INBio, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Merck. Kamfanin ya biya kimanin dala miliyan ɗaya don a tattara masa samfuran tsirrai da ƙwari na shekara biyu, aka ware kashi goma cikin ɗari don kula da gandun dajin ƙasar, tare da alkawarin kaso in an sami magani. An horar da 'yan ƙasa, an sayi kayan aiki, an rubuta sunayen dubban ƙwari. Amma babban maganin da aka yi fata bai fito ba, kuma daga baya cibiyar ta shiga matsalar kuɗi har ta miƙa tarin samfuranta ga hukuma. A ganina, horon da aka ba mutane shi ne ainihin ribar da ƙasar ta ci, ya fi kuɗin da aka ƙirga.

A Afirka ta Kudu kuma, mutanen San sun daɗe suna cin wani tsiro mai suna hudiya don kashe yunwa lokacin farauta. Cibiyar binciken kimiyya ta ƙasar ta yi rajistar mallakar sinadarinsa, ta ba wani kamfanin Ingila lasisi, ba tare da sanin masu ilimin ba. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin a 2003 aka amince a ba su kashi shida cikin ɗari na abin da cibiyar za ta samu daga ciniki. Kamfanin Unilever ya janye daga aikin a 2008, don haka abin da ya shiga hannunsu kaɗan ne.

Labarin dogon yaro ya fi kusa da mu. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takardar mallakar wata hanyar kashe fumfuna da man dogon yaro. Mutanen Indiya, inda asalin itacen yake, suka ƙalubalanci takardar, suka kawo shaidar cewa manomansu sun riga sun san wannan amfani. A 2000 aka soke takardar, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005. Dokar rajistar ƙirƙira ba ta yarda a mallaki abin da aka riga aka sani ba, amma sai an iya nuna shaida. Wannan ya sa Indiya ta shiga tattara ilimin magungunanta na gargajiya a ma'ajiyar kwamfuta tun daga 2001.

A Nijeriya, dokokin 1972 da 1977 sun taƙaita hannun jarin baƙi a kamfanoni da dama. Dokar soja mai lamba 16 ta 1995 ta buɗe ƙofa, ta kafa hukumar bunƙasa zuba jari, ta kuma yarda baƙo ya mallaki kamfani gaba ɗaya, ban da 'yan sana'o'i kamar ƙera makamai da miyagun ƙwayoyi. Muna da namu darasin a maganin amosanin jini mai suna Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta inganta daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke kowace kasuwa. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. Bayan shekara biyu kamfanin ya karye, maganin ya yi wuyar samu, marasa lafiya suka shiga wahala. Ashe kafin a sa hannu, wajibi ne a binciki ƙarfin aljihun mai zuba jarin, a kuma rubuta abin da zai faru da lasisi in ya gaza.

Yanzu wata sabuwar matsala ta taso. Masani ba ya bukatar ɗaukar ganye ya ƙetare iyaka, ya isa ya karanta jerin ƙwayoyin gadon tsiron, ya tura ta intanet. Don haka a taron birnin Kali na ƙasar Kolombiya a 2024 aka amince da kafa asusu wanda kamfanonin da ke cin moriyar irin wannan bayani za su riƙa zuba kuɗi, ko da yake ba a tilasta musu ba.

Malaman ilimin halittu za su iya farawa da ɗan aiki a aji. Kowane ɗalibi ya zaɓi tsiro uku na garinsu, kamar sabara ko marke ko zogale, ya busar da ganyen tsakanin takardun jarida, ya liƙa a littafi. Sa'an nan ya nemi izinin wani dattijo ko ungozoma, ya rubuta sunan tsiron da amfaninsa da wurin da aka tsinko shi da kwanan wata. A ajiye littafin a ɗakin karatu na makaranta, ɗaliban baɗi su ɗora a kai.