Darasi Kan Inshorar Mota: Lasin Baƙo, Motar Ma'aurata Da Batun Ƙetare Iyaka

Daga wakilinmu a Mubi

A wannan darasi za mu duba wata takarda da kusan kowane mai mota yake ajiye da ita, amma kaɗan ne suka taɓa karanta ta, wato takardar inshora. Mun zaɓi Mubi ta Jihar Adamawa ne domin misali, saboda gari ne na kan iyaka. Fataken shanu da na hatsi suna bi ta Sahuda su shiga Kamaru, mutanen Gidar da Garwa da Marwa su ma suna zuwa cin kasuwa, ga kuma auratayya tsakanin ɓangarorin biyu. Ba abin mamaki ba ne, domin sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ne wannan yanki ya zama cikin Nijeriya.

Da farko, abin da doka ta wajabta shi ne inshorar mutum na uku. Mai mota shi ne na farko, kamfanin inshora na biyu, na uku kuwa shi ne wanda aka buge, ko aka lalata wa dukiya. Wannan wajibci ya samo asali ne daga dokar 1945, dokar inshora ta 2003 ta ƙarfafa shi, sa'an nan sabuwar dokar gyaran harkar inshora da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2025 ta maye gurbinsu. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar ɗaukar kaya ta haya an yanka mata naira 100,000. A lura, wannan inshora ba ta gyara motar mai ita. Wanda yake son haka sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar.

To, a jikin takardar akwai wurare uku da kamfani zai fara dubawa ranar da haɗari ya auku: sunan mai inshorar, waɗanda aka yarda su tuƙa motar, da irin aikin da aka yarda a yi da ita.

Mu ɗauki maganar masu tuƙi. Galibin takardu sun yarda mai inshorar ya tuƙa, haka kuma duk wanda ya ba izini, bisa sharaɗin cewa yana da lasin da ya halatta masa tuƙa irin wannan mota, kuma kotu ba ta hana shi tuƙi ba. Nan ne lasin baƙo yake shigowa. Alal misali, ɗan kasuwa a Mubi ya ɗauki direba ɗan Kamaru mai lasin ƙasarsu. Baƙon da ya zo ziyara, ya fi masa kwanciyar hankali ya haɗa lasinsa mai rai da takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa. Amma ita wannan takarda fassara ce kawai ta lasin asali, ba ta tsayawa ita kaɗai, kuma idan na asalin ya mutu ita ma ba ta da amfani. Wanda kuwa ya tare a Nijeriya, yake cin abinci da tuƙi, abin da ya kamace shi shi ne ya nemi lasin Nijeriya ta hannun hukumar kiyaye haɗurra da ofishin lasin na jiha. Akwai kuma batun aji. Lasin ƙaramar mota, ko na wace ƙasa ne, ba ya halatta tuƙa tirelar shanu. A ganinmu, hanya mafi sauƙi ita ce mai mota ya kai wa kamfani kwafin lasin direbansa tun kafin ya miƙa masa makulli, ya nemi amincewarsu a rubuce. Maganar baka ta wakilin kamfani ba ta zama hujja ranar biyan diyya.

Batun ma'aurata ya fi wannan sarƙaƙiya, domin a gida ba a cika bambance motar wane ce ba. Ƙa'idar inshora ita ce mutum ba ya yi wa abu inshora sai in lalacewarsa za ta jawo masa asara ta kuɗi. Saboda haka ya kamata sunan da ke kan takardun mallaka ya zo daidai da na takardar inshora. Sau da yawa maigida yakan saya wa uwargida mota kyauta, amma rajista da inshora duk su zauna da sunansa. Muddin ana zaman lafiya babu wanda zai lura. Ranar da motar ta ƙone ko aka sace ta, kamfani zai biya wanda sunansa yake a takarda ne. Idan kuwa rasuwa ta gitta, motar da kowa ya san ta matar ce tana iya faɗawa cikin kayan gado, sai an nemo shaidu. Shari'ar Musulunci ta tabbatar wa mace mallakar dukiyarta, to sai a bar takardu su faɗi haka.

Aure kuma ba ya maye gurbin lasin. Matar da take koyon tuƙi da motar mijinta ba tare da takardar koyo ba, ko mijin da lasinsa ya mutu ya ɗauki motar matarsa, duk sun ba kamfani ƙofar kuɓucewa. Wasu takardun ma na direbobin da aka ambata da suna ne kaɗai, don haka mai mata biyu ko uku ya duba ko an rubuta kowacce. Wani abin da ba a cika sani ba shi ne, takardu da yawa ba sa ɗaukar dukiyar mutanen gida ɗaya a matsayin ta mutum na uku. Wato idan maigida ya ja da baya ya murƙushe ƙofar motar uwargida a cikin gida, kada ya sa rai da diyya. Haka nan motar da aka rubuta ta hidimar gida ce, idan ƙanin miji ya fita kabu-kabu da ita a hanyar Mubi zuwa Yola, an saɓa sharaɗin aiki.

Saura maganar iyaka, wadda ita ce ta fi shafar Mubi. A 1982 ne ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar katin inshora da ake kira Brown Card, domin motar da ta yi haɗari a wata ƙasar ƙungiyar a biya wanda ta cuta. Tun 2023 an haɗe kuɗin katin cikin na inshorar mutum na uku. Sai dai Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Ita da Chadi suna cikin ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya, wadda take da nata katin, Carte Rose. Ke nan katin da zai yi wa mutumin Legas amfani a Binin ko Togo ba shi da tasiri a Garwa, haka shi ma ɗan Kamaru katinsa ba ya aiki a Mubi. Mai niyyar ƙetarawa sai ya sayi inshorar da ƙasar da zai shiga ta amince da ita, na adadin kwanakin da zai yi, ya kuma sa kuɗinta cikin lissafin fataucinsa kamar yadda yake sa kuɗin mai da na kwastan.

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025 'yan sanda suka tsananta binciken inshora a kan hanya, kuma takardun jabu da ake saya a bakin tasha ba sa fitowa a rumbun bayanai na NIID, wanda kowa zai iya dubawa ta waya da lambar motarsa. Masu ƙyamar inshora saboda dalilin addini kuwa, akwai kamfanonin takaful irin su Jaiz da Noor, waɗanda NAICOM ta ba lasin, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce kamar ta sauran kamfanoni.