Dutsen Tubkal Bayan Hunturu: Darasin Fizis a Kan Dusar Ƙanƙara

'Yan uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu in an ce dusar ƙanƙara sai tunaninmu ya tafi Turai. To ai a nan Afirka ma akwai ta. Dutsen Tubkal da ke tsaunukan Atlas a ƙasar Maroko shi ne mafi tsayi a arewacin Afirka, mita 4,167, kuma dusar da ta zuba a kansa da hunturu takan kai watan Mayu ba ta gama narkewa ba. Idan aka kwatanta, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne.

Masu hawa sukan taso daga birnin Marakesh zuwa ƙauyen Imlil, su taka da ƙafa zuwa masaukin da ke kimanin mita 3,200, su kwana, washegari su nufi ƙololuwa. A watannin Afrilu da Mayu gari ya yi ɗumi a ƙasa, sai baƙo ya ɗauka saman ma haka yake. Nan ne haɗarin yake farawa.

Me ya sa dusar ke daɗewa?

Dalili na farko shi ne tsayi. A matsakaici, zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Tsakanin Marakesh da ƙololuwar Tubkal akwai bambancin kusan mita 3,700. Ku buga lissafin: 3.7 sau 6.5 ya ba da kimanin digiri 24. Ke nan ranar da ake digiri 25 a birni, can sama digiri 1 ne kacal, kuma da dare sai ya faɗi ƙasa da sifili.

Na biyu, narkar da ƙanƙara na cin makamashi sosai. Kilo ɗaya na buƙatar kilojul 334 kafin ya zama ruwa, alhali kilojul 4.2 ya isa ya ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Wato zafin da zai narkar da kilon ƙanƙara zai iya kai kilon ruwa daga sifili zuwa kusan digiri 80.

Na uku, sabuwar dusa fara ce fat, tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken rana. Ga shi kuma Maroko tana arewacin duniya, rana na ratsawa ta kudu, don haka gangaren da ke fuskantar arewa da kwazazzabai masu inuwa su ne ke riƙe dusa mai zurfi har ƙarshe.

Safe daban, rana daban

A wannan lokaci dusar kan narke da rana, ta sake daskarewa da dare. Da asuba samanta ya yi tauri da santsi kamar gilashi, wanda ya zame a gangare zai yi ta tafiya ba birki. Shi ya sa ake ɗaura ƙarafuna masu haƙora a ƙasan takalmi, a riƙe gatarin ƙanƙara wanda ake cakawa don tsayar da kai. Sayen kayan bai wadatar ba fa, sai an koyi aiki da su kafin ranar hawa.

Da rana ta take, sai dusar ta yi laushi, kowane taku ƙafa ta nutse har gwiwa ko cinya. Tafiyar awa ɗaya sai ta koma biyu ko uku, ƙarfi ya ƙare, safa ta jiƙe, sanyi ya shiga jiki. Ruwan narkewa kuma yana bi ta ƙarƙashi, yana raba dusar da dutsen da take kai, har ta zaftaro gaba ɗaya. Wannan zaftarewa ta fi aukuwa a gangare mai kusurwar digiri 30 zuwa 45, kuma wanda ta binne, bayan minti 15 damar tsirarsa na raguwa da sauri. Haka nan rafin da aka tsallake cikin sauƙi da safe yakan cika da yamma, wani kuma yana gudu a ɓoye ƙarƙashin dusar da ta yi masa rufi, a taka ta rufta.

Abin da masu hawa ke kiyayewa

Ana tashi tun kafin asuba da fitilar goshi, don a hau a sauko kafin dusa ta saki. Ana yanke lokacin juyawa tun a masauki, idan ya cika a juya ko da ƙololuwa na gaban ido. Ana sa baƙin tabarau mai tare hasken da ke ƙona ido, domin hasken da dusa ke mayarwa na iya makantar da mutum na kwana ɗaya ko biyu. Daga mita 2,500 zuwa sama kuma ciwon tsauni na iya kama kowa, komai ƙarfinsa: ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Idan abin ya tsananta, maganinsa saukowa ne. A Tubkal hukumomi sun wajabta tafiya da ɗan jagora, kuma shi ne ya san inda dusa ta rufe hanya a makon.

Ga aikin gida: idan ana digiri 18 a Imlil, mu ɗauka tsayinsa mita 1,800 ne, digiri nawa za a samu a masauki, nawa kuma a ƙololuwa? Wanda ya samo amsar, ya faɗa mana irin tufafin da zai sa a jakarsa.