Wasan Motsa Jiki na Talabijin: Amsa ga Wata Uwargida a Mabera

Wata uwargida daga unguwar Mabera a Sakkwato ta aiko mini da takarda, tana cewa tun bayan haihuwarta ta huɗu jiki ya yi mata nauyi, har gwiwa kan yi mata ƙara in za ta ɗago daga sujada, ga shi kuwa ƙanenta ya kawo wa yara wata na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin, ana tsalle ana durƙuso a gabanta. Shin wannan abu zai rage mata ƙiba, ko kuwa shiriritar yara ce?

Hajiya, ba shiririta ba ce. Tun 1998 kamfanin Konami na ƙasar Japan ya fito da wasan taka rawa a kan faifai, a 2007 Nintendo ya kawo Wii Fit mai allon da ke auna nauyin wanda ya hau shi, sannan a 2019 aka sami Ring Fit Adventure, wanda ake matsa wani zobe mai tauri da hannu, a ɗaura wani maɓalli a cinya, ta yadda mutumin da ke cikin hoton ba zai gusa ba sai ke kin yi gudu a inda kike tsaye. Fa'idarsa ga mutanen Sakkwato a fili take, domin wanda ya san bazarar garin nan, lokacin da zafi kan wuce daraja 40 a watan Afrilu, ya kuma san cewa matar aure ba za ta fita zagaya filin wasa na Giginya da asuba ba, ba zai raina motsa jikin da ake yi cikin ɗaki, ƙofa a rufe, babu idon kowa ba. Kada kunya ta hana ki, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a na farko, ya tsere mata a na biyu bayan ta yi jiki.

Sai dai akwai hisabin da masu sayar da na'ura ba su cika faɗa ba. Mace mai nauyin kilo 80, idan ta yi rabin sa'a tana wannan wasa har gumi ya keto mata, abin da za ta ƙona bai fi kalori 150 zuwa 200 ba, alhali kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da wajen kalori 7,700, lemon roba guda mai santilita 50 kuwa yana da kimanin 200. Na taɓa ganin wata da ta gama wasanta, tana haki, tana share goshi da gefen mayafi, ta miƙa hannu cikin firji ta ɗauko lemo mai sanyi ta shanye a tsaye, ta mayar wa jiki cikin minti biyu abin da ta wahala rabin sa'a tana fitarwa. Saboda haka rabin maganin, ko fiye, yana wurin akushi: malmalar tuwon shinkafa biyu ta koma ɗaya, a yawaita miyar ganye da zogale, a dama fura ba tare da sukari ba, shayin safe kuma a rage masa madarar gwangwani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin sa'a sau biyar, ma'aunin matsakaici kuwa shi ne ki iya magana amma numfashi ya hana ki jan dogon zance. Ki fara da minti goma bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga, da ruwan sha a kusa da taga a buɗe, kuma ki zaɓi wasannin da babu tsalle a cikinsu saboda gwiwar nan. Wanda ke da kiɗa ko shigar da ranki bai kwanta da su ba, irin Just Dance, ki bar shi, wasu suna da yawa. Ranar da babu wuta, wanda ba baƙon abu ba ne gare mu, ki maimaita motsin da kika riga kika haddace, ko ki zagaya tsakar gida har lokacin ya cika, domin abin da ya fi kashe wannan niyya shi ne fashin kwana uku ya zama na wata uku, na'ura ta koma hannun yara.

Kafin komai, tun da ƙiba kan zo da hawan jini da ciwon sukari a ɓoye, ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin da ke kusa da ke a auna miki duka biyun, in kuwa kika ji ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar wasa, ki tsaya nan take. Sa'an nan ki ari tef ɗin tela, ki auna ƙugunki daidai cibiya sau ɗaya a mako, ki rubuta a takarda. Abin nema shi ne ya kasa rabin tsawonki, kuma ragin rabin kilo na nauyinki a mako ya wadatar. Bayan wata uku ki aiko mini da takardar in gani.